Dala: lissafin kasuwa da matsayinsa a kundin sani

A kasuwar Dogondutsi, idan mai goro ta ce «hamsin», tana nufin 250 F. Idan ta ce «ɗari», 500 F ke nan. «Jikka» kuwa 1000 F ce, wato dala 200. Haka abin yake a Matankari da Tibiri da Kore Mairuwa: ana ƙidaya kuɗi da dala, kowace dala tamma biyar. Tambayar da ke gaban masu son wallafa kundin sani da Hausa ita ce: wannan lissafi ya cancanci babi na kansa, ko layi guda ya ishe shi a ƙarƙashin kalmar «kuɗi»?

Masu ganin layi guda ya isa suna da hujja. A wurinsu ninkawa da biyar ne kawai, kuma kundin da ya ba kowane ƙaramin abu babi ba zai ɗauku ba. Sai dai ba girman abu ne ke ba shi babi ba. Abin dubawa shi ne ko yana da tarihi, da ƙa'ida tasa, da tasiri ga rayuwar mutane.

Tarihin ya girmi sefa. A farkon 1851 Heinrich Barth ya ga yadda ake ƙidayar wuri a Tasawa: ana jan su biyar-biyar da yatsu, a tara su tsibi-tsibi na 200, wato hauya goma, ko na 1000. Hauya ita ce ashirin a lissafin wuri. A lokacin dalar azurfa, irin mai hoton sarauniya Mariya Tareza da ake bugawa da shekarar 1780, tana yawo tsakanin fatake, kuma a Kano ana canza ta da wuri kusan 2500. Da Faransawa suka kafa mulki a farkon ƙarni na 20, sunan dala ya koma kan tsabarsu ta tamma biyar. An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945, amma bakin jama'a bai saki dala ba. Lamba ta canza a jikin kuɗi, ma'aunin ya zauna.

Ƙa'idar ma tata ce. Mai sayayya yana ganin 475 a rubuce, ya raba da biyar a ka, ya ce «ɗari ba biyar». Rabawa da ragewa sun haɗu cikin numfashi ɗaya, sau da yawa a bakin wanda bai taɓa shiga lakkol ba. Ba'are da ya ƙetara iyaka zuwa Kangiwa kuwa sai ya ajiye wannan lissafi, domin can naira ɗari, ɗari ce.

Tasirin kuma a aji ake ganinsa. Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, malami ke fuskantar wannan tarko: idan littafi ya rubuta 100 F, ya karanta «ɗari» ko «ashirin»? Idan ya ce ɗari, yaro ya ji 500 F. Idan ya ce ashirin, lambar da ke kan allo ta ƙaryata shi. Yaron da ba a cutarsa a kasuwa sai ya faɗi a jarrabawa, a ce ba ya da kan lissafi.

Ƙamus, kamar na Bargery na 1934 ko na Abdu Mijingini, aikinsa fassara kalma ne. Bayyana yadda tsari ke aiki da inda ya samo asali aikin kundin sani ne. Tun da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, bukatar irin wannan kundi ta ƙaru. Dala ta cika sharuɗɗan nan uku. A ba ta babinta, a sa hauya da jikka a cikinsa, domin malamin Arewa ya sami shafin da zai buɗe ranar da ɗalibi ya ce masa lissafin uwarsa ya fi na littafi gaskiya.