Daga kududdufin Birnin Zariya zuwa Bahar Maliya: zare a kan nutso

1/ Jiya ƙanena ya turo min hotunan Maldives da Zanzibar, wai ya tara kuɗin hutu, yana so ya je ya koyi nutso irin na masu goya tulun iska a baya. "Yaya, ina zan nufa?" Na ce masa Bahar Maliya. Ya ce don me? Amsar doguwa ce, kuma daga cikin ganuwar Zazzau ta faro. Ku gyara zama.

2/ Duk wanda ya tashi a birni, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, ya san kududdufi. Hannun mutum ne ya haƙa su. Ƙasar da aka kwaɓa aka yi tubali, aka tayar da zauruka da soraye, daga nan aka ɗebo ta. Damina ta zo ta cike ramin, shi ke nan ya zama tafkin unguwa.

3/ Ku tuna Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Ƙasa ce zalla da azara. Duk ginin ƙasar da ka gani a tsaye, to ya bar rami a wani wurin. Garinmu ba teku, amma kakanninmu sun bar mana ruwa mai zurfi a bayan gida.

4/ A nan muka koyi iyo, a sace. A tafi da sunan makarantar allo, a dawo ido jawur, fata ta yi furu-furu, Inna ta kankare maka hannu da farce ta gane. Bulala kam mun sha ta. Gobe kuma mu koma.

5/ Wata damina, ina aji huɗu a firamare, abokinmu ya yi tsalle daga bakin gaɓa bai taso ba. Ƙasan kududdufi ba shimfiɗaɗɗe ba ne, inda magina suka bi jar ƙasa nan ya fi zurfi, ga taɓo mai riƙe ƙafa. Muka tsaya muna ihu. Babu ɗayanmu da ya san abin yi.

6/ Wani dattijo mai yasar rijiya aka kira. Ban manta ba. Bai yi gaggawa ba, ya tambaye mu daidai inda yaron ya faɗa, ya ɗaura igiya a ƙugu ya miƙa wa ɗansa, ya ja numfashi a hankali ya nutse. A nutso na uku ya fito da shi. Rai ya riga ya yi halinsa. Allah Ya jiƙansa.

7/ Shekaru da yawa bayan haka, a ajin koyon nutso a Masar, malamar tana jero dokoki: kar ka shiga kai kaɗai, ka san wurin kafin ka shiga, kar ka firgita. Sai na ga tsohon nan da igiyarsa. Wallahi duk ya san su, ba tare da takardar shaida ba.

8/ Kuma ba shi kaɗai ba ne. A Argungu, bikin kamun kifi da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 yana da wasannin kabanci, ciki har da gasar nutso da kamun agwagwa. Akwai Sarkin Ruwa mai iko da kogin Matan Fada. UNESCO ta sa bikin a jerin gadon duniya a 2016.

9/ To ina ruwan wannan da Bahar Maliya? Hajji. Kafin jirgin sama, maniyyaci daga Zariya kan bi ta Kano, Borno, ƙasar Chadi, Darfur, har bakin teku a Sawakin. Tafiyar shekaru ce, ana yi ana tsayawa noma ko ɗinki a tara guzuri. Daga Sawakin a hau jirgin ruwa zuwa Jidda.

10/ Da yawa ba su dawo ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba gabas da jama'a, suka zauna a bakin kogin Nilu. Garin yana nan da sunansa a Sudan. Har gobe ana jin Hausa a can, har da Port Sudan, tashar da ta gaji Sawakin.

11/ Abin da ya fi burge ni: tsoffin gidajen Sawakin da na tsohon garin Jidda da dutsen murjani aka gina su, wanda aka ciro daga gaɓar teku. Mu muka haƙi ƙasa muka yi gini, su suka fasa dutsen ruwa. Wannan murjanin, mai rai a ƙarƙashin ruwa, shi ne yau masu nutso ke biyan kuɗi su je kallo.

12/ Shi kansa nutso da tulun iska ba tsoho ba ne. A 1943 Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska daidai buƙatarsa a ƙarƙashin ruwa. A 1963 Cousteau ya kafa gida a ƙasan teku a Sha'ab Rumi, kusa da Port Sudan, mutanensa suka yi wata guda a ciki, zurfin mita 10.

13/ Ka duba fa. Ruwan da kakanninmu suka ƙetare da addu'a a baki, shi ne aka yi gwajin zama a ƙarƙashinsa. A kusa da nan jirgin Italiya mai suna Umbria yake kwance tun 1940, cike da bamabamai. Sai dai tun Afrilun 2023 Sudan na cikin yaƙi. Ba wurin hutu ba ne yanzu. Allah Ya kawo musu zaman lafiya.

14/ Don haka na ce wa ƙanena Masar: Dahab, Sharm el-Sheikh ko Hurghada. Ruwan garau yake, babu manyan koguna masu zuba laka a ciki, ana nutso duk shekara. Ga masallaci, ga abincin halal, ba sai ka yi ta tambaya ba. A Dahab ma daga bakin gaɓa kake takawa ka shiga, ba sai da kwalekwale ba.

15/ In ka ƙware, akwai jirgin Ingila Thistlegorm da Jamusawa suka nutsar a 1941, kwance a zurfin kusan mita 30, babura da motoci na nan jere a cikinsa. Zanzibar ma tana da kyau, amma ka kauce wa ruwan samansu na Maris zuwa Mayu.

16/ Yanzu ga abin da hoto ba ya nunawa. Abin da ke cikin tulun iska ce irin wadda muke shaƙa, aka danne. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke kanka na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya gaba ɗaya. Jiki yana tsotse naitirojin. Ka taso da sauri, sai ta yi kumfa a jini kamar an buɗe kwalbar lemo.

17/ Shi ya sa kafin ka biya kuɗin otal, tambayi abu uku. Makarantar tana da rajista da ƙungiya irin su PADI ko SSI? Akwai asibiti mai ɗakin matsin iska a kusa? Ɗalibai nawa ne ga malami ɗaya? Takardar farko iyakarta mita 18. Kuma kar ka hau jirgin sama sai ka yi aƙalla awa 18 da fitowa in ka yi nutso a jere.

18/ Wannan kuma namu ne musamman: in kana da sikila, nutso da tulu ba naka ba ne. Mai asma, ciwon zuciya ko farfaɗiya, sai likita ya duba shi tukuna. Kar ka ɓoye a takardar da za su ba ka don kunya.

19/ A Dahab akwai wani rami a teku, Blue Hole, zurfinsa ya kai mita 100. Ya ci mutane da dama, ciki har da gwanaye masu son wuce iyakarsu. Da na tsaya a bakinsa na ga allunan sunayen mamata a jikin dutse, kududdufinmu na tuna. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

20/ Na ce wa ƙanena ya je, amma ya fara koyon iyo sosai a nan gida, wurin mai koyarwa. Kuma damina na tafe. In akwai kududdufi a unguwarku, ku san wa ya iya nutso a kusa, ku riƙe lambarsa, ku ja kunnen yara. Wanda kakansa ya je Hajji a ƙasa, ya ba mu labarin hanyar da ya bi, ina son ji.