Samarin Dogarawa a zangunan kurmi

Tun zamanin mulkin Faransa samarin Dogarawa, da na Ƙwanni da Illela, suke barin gida bayan kaka su tafi biɗa. Haraji na cikin abubuwan da suka fara fitar da su, domin da tsabar kuɗi ake biyansa, gero kuwa da ƙyar yake isar bakin iyali. Wasu suka tsaya Sakkwato da Kano, wasu suka zarce kurmi, har Kumasi da Abijan.

In saurayi ya isa, zango yake sauka, wurin maigida ɗan ƙasarsu. Shi ke ba shi makwanci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa in magana ta taso. Da rana sai dako, ko ga-ruwa, ko talla. Da dare a cunkushe a ɗaki guda, ana lissafin sadaki da kwanakin da suka rage kafin shuka. Irin wannan zama na ƴan Nijar Jean Rouch ya nuna cikin fim ɗinsa na 1958, wanda ya ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan, inda Umaru Ganda ya fito a matsayin ɗan dako.

Baƙo dai raɓa ne. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako 2 su bar Gana. A 1983 Najeriya ta yi makamancin haka. Mai gona a gida ya sami wurin komawa. Shi ya sa ɗan biɗa ba ya wasa da gonar gado: komai daɗin kurmi, kunnensa na wajen labarin ruwan shuka.