Kazaure: Sunan Gari, Sunan Mutum

Masu ba da tarihin baka sun ce wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya fara yada zango a wurin. Da aka dubi yadda duwatsu suka kewaye shi, suka bar 'yar hanyar shiga, sai aka ce wurin nan "kamar zaure". Harshe ba ya son wahala. Da tafiya ta yi tafiya sai "mar" ta zube, aka bar Kazaure. Labari ne na kaka da kakanni, amma wanda ya ga duwatsun garin ba zai yi saurin musu ba.

Ibrahim Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a 1819, ɗansa Dambo kuma ya mayar da Kazaure mazaunin sarauta.

Shigar sunan cikin sunayen mutane kuwa, boko ne ya kawo ta. In aka tara Musa uku a aji guda, sai malami ya liƙa wa kowa garinsu: Musa Kazaure, Musa Roni, Musa Babura. Haka aka san Aminu Kano da Shehu Shagari. Turawan Ingila ma suna da irinsa, su York da Lincoln, sai dai nasu ya zama gado, jika ya ɗauka ko bai taɓa taka garin ba.