Shekara ɗari ana neman dalilin karkacewar ƙwallon golf

Babu abin da ke ci wa ɗan koyon golf tuwo a ƙwarya kamar bugun farko mai dogon zango, inda ƙwallo kan tashi sosai, sannan ta lanƙwasa dama ta faɗa ciyawa ko ruwa. Wannan karkacewa, da ke addabar na-hannun-dama, ita Turawa ke kira silayis. An daɗe ana ba ta maganin da bai dace ba, domin ba a gane asalin cutar ba.

A shekarun 1890 Peter Guthrie Tait, masanin kimiyya a Jami'ar Edinbara ta ƙasar Sikotilan, ya nuna cewa juyin da ƙwallo ke yi a iska shi ke ɗaga ta. Hakan ya bayyana karkacewar ma: idan juyin ya jirkice gefe, iska sai ta tura ƙwallon gefe. Sauran tambaya ita ce, me ke jirkita shi?

Tsawon shekaru masu koyarwa da yawa sun ɗauka ƙwallo na fara tafiya ne ta hanyar da sanda ta bi. Mai fama da matsalar kuwa sai ya ƙara fuskantar hagu don ya rama, sandarsa ta ƙara yankar ƙwallon a kaikaice, karkacewar ta tsananta. A 1968 binciken Alastair Cochran da John Stobbs a Birtaniya ya nuna cewa fuskar kan sanda ta fi tasiri, amma tsohuwar koyarwar ba ta gushe ba.

Na'ura ce ta raba gardama. Kamfanin TrackMan, wanda aka kafa a Denmak a 2003, ya yi amfani da radar wajen auna kowane bugu. Awon ya nuna cewa a bugun farko fuskar sanda ke da kusan kashi 85 cikin 100 na alkiblar da ƙwallo ke fara ɗauka, lanƙwasar kuma na fitowa ne daga saɓanin da ke tsakanin fuskar da hanyar sanda.

Shi ya sa gyaran yau yakan fara daga riƙo: a murɗa hannuwa kaɗan zuwa dama don fuskar ta daina buɗewa, a daina fuskantar hagu, sannan a koya wa sanda isowa ga ƙwallo daga ɓangaren jikin ɗan wasa. Wanda ya gyara hanya ya bar fuska a buɗe, ƙwallonsa dama za ta ci gaba da tafiya.