Harajin Gida A Legas: Daga Kuɗin Ruwan Iju Zuwa Takardar Da Ake Manna Mana A Ƙofa



Duk shekara idan aka fara raba takardun Land Use Charge a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da sauran unguwanninmu, tambaya ɗaya ce ke yawo: wane ne ya yanka wannan kuɗi, kuma da me aka auna? Wasu su biya ba tare da sun karanta ba, wasu su cusa takardar a ƙarƙashin katifa har tara ta hau kanta. Shi ya sa muka ga ya dace mu koma baya kaɗan, domin wanda ya san asalin harajin zai fi gane lissafinsa.

Harajin da iyayenmu suka sani a gida Arewa na kai ne da na dabba, wato haraji da jangali, waɗanda gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke a 1979. Na Legas dabam ne tun asali. Ba mutum ake ƙirgawa ba, gini da filin da yake kai ake yi wa kuɗi.

Mutanen Ikko ba su karɓe shi da sauƙi ba. A 1895 Turawa suka kawo shawarar harajin gida da fili, dubban mutane suka yi tattaki zuwa gidan gwamna, aka jingine maganar. A 1908, zamanin Gwamna Walter Egerton, ta dawo da wata riga: za a kawo ruwan famfo daga Iju, nan kusa da mu a Agege, masu gidaje su biya kuɗin ruwa. Jama'a suka ce ai ruwan Turawa ne, su biya abinsu. Likitoci biyu, John Randle da Orisadipe Obasa, suka kafa ƙungiyar People's Union don yaƙar kuɗin, Eleko Eshugbayi ma ya ƙi goyon bayansa. Rigimar ta shiga har Babban Masallacin Legas, inda limami ya tsaya bayan gwamnati, jama'a da yawa suka juya masa baya, rabuwar ta ɗauki shekaru. An buɗe ma'aikatar ruwan Iju a 1915, kuɗin kuma ya zauna.

Daga baya nauyin ya ƙaru gida-gida. Dokar filaye ta 1978, zamanin Obasanjo na soja, ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, mai takardar mallaka yana biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Ƙaramar hukuma na karɓar nata kuɗin gida, wanda tsarin mulkin 1999 ya lissafa cikin ayyukanta. Ga kuma kuɗin gyaran unguwa. Dattawanmu sun tuna lokacin da mai gida ɗaya ke ganin masu karɓa kala uku, kowa da rasiɗinsa. A 2001 gwamnatin Bola Tinubu ta haɗe ukun wuri guda ta kira shi Land Use Charge, jiha ta karɓa ta raba da ƙananan hukumomi. Don haka duk wanda ya biya wannan, sannan wani ya zo masa da takardar kuɗin gida dabam a kan wannan ginin, yana da hujjar tambaya kafin ya sa hannu a aljihu.

A 2018 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta sake dokar, ta ɗaga farashi, ta kuma koma auna gidaje da darajarsu ta kasuwa. Takardu suka fito da kuɗin da ya ninka na bara sau da yawa. Lauyoyin Ikeja suka fita zanga-zanga, masu masana'antu suka yi ca, cikin watan Maris gwamnati ta rage kashi 50 ga gine-ginen kasuwanci da kashi 15 ga mai zaune a gidansa. A 2020 Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a sabuwar doka da ta mayar da farashin yadda yake kafin 2018. Amma abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, hanyar ƙiyasta darajar gida ta 2018 ba ta tafi ba. Farashi ya sauka, ma'aunin ya tsaya.

Ga yadda lissafin yake. Ana ɗaukar faɗin fili a murabba'in mita a ninka da kuɗin mita ɗaya a wannan unguwa. Ana ɗaukar faɗin gini a ninka da kuɗin gina mita ɗaya, a rage wani abu saboda tsufa. A haɗa biyun, a cire sassaucin kashi 40 da ake yi wa kowa, abin da ya rage shi ake ɗora wa farashi. Bisa farashin da aka sanar a 2020, a kan kowace naira miliyan ɗaya, mai zaune a gidansa shi da iyalinsa kawai zai biya naira 394. Mai zaune tare da 'yan haya, naira 1,320. Gidan haya zalla ko na kasuwanci, naira 3,940.

Mu ɗauki misali, ba gidan kowa ba. A ce fili da gini sun tashi miliyan 50. Cire kashi 40, saura miliyan 30. Mai zaune shi kaɗai, naira 11,820 a shekara. Da 'yan haya, 39,600. Idan an rubuta shi gidan kasuwanci, 118,200. Gida ɗaya ne, bulo ɗaya bai ƙaru ba, amma kuɗin ya ninka sau goma.

A ganinmu nan ne gizo ke saƙa a unguwanninmu. Yawancin gidajenmu na gado ne, shago biyu ko uku a gaba, iyali a ciki, ɗakunan baƙi a baya. Mai ƙiyasi da ya tsaya a bakin titi shaguna kawai zai gani. Idan mai gidan ya rasu, magada suna ciki amma takarda na fitowa da sunan marigayi, ko da sunan wanda ya sayar tun shekaru arba'in, ba abin da ke nuna cewa masu gidan ne ke zaune. To, kafin a yi kukan yawan kuɗi, a fara duba layin da aka rubuta irin amfanin gidan, sannan a duba faɗin fili da aka sa, a gwada da na takardar safiyo. Farashin da ke jikin takardar bana shi za a yi lissafi da shi, domin gwamnati na da ikon sake shi.

Dokar ta yafe wa wasu: masallatai da coci-coci da ake ibada kawai a cikinsu, maƙabartun jama'a, fadar sarakunan da gwamnati ta amince da su, da gidan ɗan fansho da yake zaune a ciki. Masallacin da aka jera wa shagunan haya kuwa, kada kwamitinsa ya ɗauka yafiyar ta rufe shagunan. Akwai rangwame ga mai biya da wuri, akwai tara mai hawa ga mai jinkiri. Wanda bai yarda da ƙiyasin ba yana da kwana 30 daga ranar da takarda ta same shi ya ɗaukaka ƙara gaban kwamitin da doka ta kafa, kuma kwanakin nan ba sa jiran mai gida ya dawo daga Kano ko Sakkwato.

Duk mai takarda a hannu ya zo da ita ofishin ƙungiya bayan sallar Juma'a, tare da rasiɗin bara da takardar safiyo idan akwai, mu zauna mu lissafa tare. A biya ta banki da lambar da ke jikin takardar, kada a miƙa wa kowa kuɗi a hannu.

Sakataren ƙungiya