Bindiga a Ƙasar Daura, Daga Adaka Zuwa Ƙaramar Bindigar Zamani

Wanda duk ya sauka birnin Daura ya nemi a kai shi unguwar Kusugu, ba zai bar bakin rijiyar nan ba sai an karanta masa riwayar da kowane yaro na garin ya haddace: yadda Bayajidda ya baro Borno, ya biyo ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya sauka da dare gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijiyar da ke ciki, shi kuwa ya tafi ya zura guga, da ta ɗago ya sare mata kai. Malaman tarihi sun daɗe suna ja-in-ja a kan tawilin wannan riwaya, amma abin da ya shafe mu a cikinta shi ne, makamin da aka jingina asalin sarautar Hausa Bakwai gare shi ƙirar maƙerin gida ne, kuma har yau fadar Daura tana riƙe da takobin da ake danganta wa Bayajidda a cikin kayan sarautarta. Ashe ke nan ajiye makami saboda daraja da tarihi tsohuwar al'ada ce a wurinmu.

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne, samarinmu na yau suna gani a wayoyinsu yadda mutanen Amurka da Turai suke jayayya a kan wace ƙaramar bindiga ta fi dacewa a saya don ajiya ko don gasar harbi, har wasu sukan tambaya me ya sa mu ba mu da irin wannan sha'awa, alhali kuwa ƙarar bindiga ba baƙuwa ba ce a kunnen mutumin Daura. Amsar tana cikin yadda bindiga ta zo mana, da hannun da ta fara faɗawa, da kuma aikin da aka sa ta.

Ta gabas muka fara jin ɗuriyarta. Limamin Borno Ahmad ibn Furtu ya rubuta cewa Mai Idris Alauma, wanda ya yi sarauta a ƙarshen ƙarni na 16, yana da Turkawa masu harbi, kuma ya sa an koya wa bayinsa na gida. Littafin tarihin sarakunan Kano kuwa ya ambaci zuwan bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, sa'an nan ya ce Babba Zaki, wanda ya hau a 1768, shi ne farkon sarkin Kano da ya kafa 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Hanyoyin shigowarta biyu ne: ayarin raƙuma daga Tarabulus ta cikin Sahara, da kuma fataken kudu masu biyowa ta ƙasar Yarabawa da Nufe da dogayen bindigogin bakin teku, waɗanda aka fi ƙerawa a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam, ƙira ta araha da aka yi musamman don kasuwar Afirka. Daura, da yake tana zaune tsakanin Kano da Katsina da Damagaram, ba ta rasa rabonta daga abin da ke wucewa.

Sai dai kada mai karatu ya zaci bindiga ce ta ci yaƙe-yaƙen wancan zamani. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da baka da kibiya da mashi da takobi aka yi shi, kuma 'yan baka ne suka tsaya wa jama'a ranar Tabkin Kwatto a 1804. Shekara 22 bayan haka, Baturen nan Clapperton ya raka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yaƙin Gobir, ya ga rundunar da ya ƙiyasta da dubun dubatar mutane, amma bindigoginta ba su kai 50 ba. Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya taɓa ganin ana ɗura adaka, domin kafin mai ita ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya jefa dalma, ya sake dannawa, ya gyara ƙanƙara, ɗan baka ya saki kibau da dama, ga shi kuma idan damina ta jiƙa albarushi an tashi daga aiki. Cikin bututunta sumul yake, ba shi da zanen nan mai murɗawa da ke sa harsashi ya miƙe, saboda haka in nisa ya yi nisa, samun abin hari sai dace. Amfaninta mafi girma shi ne tsawa da hayaƙi, ta firgita dawakin abokan gaba, ta kuma shaida wa kowa cewa sarki yana wurin.

Gwanintar saiti, wadda ita ce ruhin gasar harbi, a hannun 'yan baka da maharba ta zauna, kuma shari'a ba ta bar ta ba hukunci ba. Ɗalibin da ya kai babin musabaƙa a Muhtasar na Halilu, wanda ke biye da babin jihadi, ya san malaman Malikiyya sun halatta a sa lada a tseren dawaki da na raƙuma da kuma harbin kibiya, bisa sharuɗɗan da suka raba shi da caca. Da a ce bindigar da ta zo mana mai saiti ce, kuma ta faɗa hannun talakawa, la'alla da wannan babi ya haifar mana da filayen gasa tun tuni.

Amma hannun sarakuna ta faɗa, kuma a nan tarihin Daura ya fi ko'ina bayani. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci birnin da tutar Shehu, Sarkin Gwari Abdu ya fita da mutanensa, zuriyarsa kuma ta kafu daga baya a Zango da Ɓaure, har ƙasar ta zama tana da Daura uku a lokaci guda. Sarakunan Haɓen nan ba su da mafaka sai inuwar Damagaram, wadda a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ta zama babbar ma'ajiyar makamai ta wannan yanki: ana haɗa albarushi a Zinder, ana zuba igwa ta tagulla, kuma matafiyin nan Bajamushe, Nachtigal, ya ruwaito cewa sarkin yana da bindigogi wajen 6,000 da igwa wajen 40. Ko da an rage wani abu daga wannan adadi saboda ƙarin gishirin masu ba da labari, abin da ya saura ya isa ya bayyana dalilin da ya sa garuruwan kan iyaka suke kai gaisuwa arewa. Su kuwa bindigogin, a Damagaram da Kano duka, bayin sarki ake damƙa wa, domin sarki ya fi amince wa bawan da ba shi da dangin da zai ɗora bisa gado a kan ɗan sarauta mai jiran rana. Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda ya fito daga yaƙin basasar 1893, har laƙabi ya samu da makamin wuta, ana ce masa Mai Sango.

Ana cikin haka Turawa suka rufe ƙofa daga waje. A taron Brasal na 1890 ƙasashensu suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa mutanen tsakiyar Afirka bindigogin zamani, daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, suka bar musu mai ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai, suna masu kafa hujja da hana cinikin bayi. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma wanda ya dubi abin da ya auku shekara 13 bayan haka, lokacin da Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, aka kuma yi ta Burmi a watan Yuli, duk a gaban bindiga mai ruwa da igwa, ba zai rasa gane wanda yarjejeniyar ta yi wa amfani ba.

Da Turawa suka mayar da gidan Haɓe kan gadon Daura ta hannun Malam Musa, aka shiga doguwar sarautar Sarki Abdurrahman daga 1911 zuwa 1966, yaƙi ya ƙare, adaka kuma ta rabu gida biyu. Kashi ɗaya ya zauna a fada don hawan Salla da Sallar Gani. Wanda ya tsaya kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawa zai ga ba sa kai ta kafaɗa, ba sa kuma runtse ido ɗaya: mutum yakan riƙe ta da hannu biyu nesa da fuskarsa, bakinta sama, ya kau da kai, ya ja kunama, ƙasa ta amsa, farin hayaƙi ya turnuƙe, yara su watse su dawo, dokin da ya saba kuwa ko kunne bai kaɗa ba. Babu dalma a ciki, albarushi ne da tsumma, kuma gwani a cikinsu shi ne wanda tasa ta fi ƙara ba ta yi gardama ba. Kashi na biyu ya tafi daji wurin maharba, waɗanda malamai suka riga suka share musu hanya, domin malamin nan na Malikiyya, Dasuƙi, ya kawo a hashiyarsa cewa magabata ba su yi magana a kan farauta da dalma ba saboda ba su riske ta ba, na baya suka yi saɓani, manyan malaman Fas kuwa, irin su Ibn Gazi da Abdulƙadir Alfasi, suka yi fatawa da halaccin cin abin da aka harba in an ambaci sunan Allah.

A nan ne maƙerin gida ya sake karɓar aikinsa, ya koyi gyaran ta Turawa, daga nan ya koyi ƙera tasa, wadda ake kira baushe ko harba-ka-ruga. Maharbin da zai zaɓi bindiga yakan ɗaga bututun ya leƙa rana ta ciki ko zai ga tsaga, ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya saurari amonsa, ya gwada ƙota a kafaɗarsa, amma abin da ya fi tambaya shi ne wane ne ya ƙera ta, domin bututun da ya fashe yakan tafi da yatsu, wani lokaci har da ido. Isnadin maƙeri shi ne takardar shaidarta.

A can waje kuwa ƙira ba ta tsaya ba. Wani limamin coci na Sukotland mai suna Alexander Forsyth ya yi rajistar dabarar tayar da wuta da bugu a 1807, wadda ta kori ƙanƙara, sa'an nan aka haɗa albarushi da dalma da abin tartsatsi a cikin kwanso guda. Daga nan ƙananan bindigogi suka kasu biyu: masu 'yar guduma a baya wadda ke dukan allura, da waɗanda allurar kanta take ɗane a kan sifirin a ciki, in an ja kunama ta kuɓuce ta soki gindin harsashi. Wannan ta biyun tsohuwa ce, domin Luger ta sojan Jamus ta 1908 haka take, amma ba ta mamaye duniya ba sai da Gaston Glock na Ostiriya ya fito da Glock 17, mai gangar jiki ta roba mai tauri da cin harsashi 17, wadda sojan ƙasarsa suka zaɓa a farkon shekarun 1980. Masu gasa suna son irinta saboda nauyin jan kunamarta ɗaya ne daga harbin farko har na ƙarshe, sassanta kaɗan ne, ba ta da wuyar kulawa. Masu tara kayan tarihi kuwa hankalinsu yana ga shekarar ƙira da lambar jeri da ko an taɓa sauya mata wani sashi. Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun na farko a Atina a 1896, ƙungiyar duniya ta harbin ƙwarewa da sauri, IPSC, kuwa an kafa ta a Amurka a 1976. A ganina, wannan sha'awa ba ta tsira a can ba sai don an sami filayen harbi masu tsari da alƙalai da rajista, abubuwan da mai kallon hoto a waya ba ya gani.

Mu kuwa dokarmu ta makamai ta 1959, wadda ake aiki da ita har yau da gyare-gyarenta, ta kasa bindigogi uku. Ƙaramar bindiga, libarba ce ko fistol, tana cikin kashin da aka haramta, tare da na soja, ba mai ba da lasisinta sai Shugaban Ƙasa. Bindigar harbin tsuntsaye tana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka da 'yan uwanta masu ɗuri ta baki kuwa Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda ya san halin da ƙauyukan yammacin Jihar Katsina suka shiga a hannun ɓarayin daji a 'yan shekarun nan ba zai yi gaggawar neman a sassauta ba, ni ma ban nema ba.

Abin da na fi jin takaicinsa shi ne tsofaffin adaka da ke jingine a zaurukan gidajen sarauta da na maharba a Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa, gara na cin ƙotarsu, tsatsa na cin bututunsu, wasu kuma ana sayar wa masu gwangwan a kan kilo. Da yawa daga cikin na Turai suna ɗauke da hatimin gwaji a gindin bututu: na Liège haruffa uku ne, ELG, a cikin da'ira mai siffar ƙwai, na Birmingham kuwa, wadda aka kafa gidan gwajinta a 1813, sanduna biyu ne a gicciye da kambi a bisansu. Da wannan hatimi, da zoben tagulla ko fatar da maƙerin gida ya ɗaure tsaga da ita, da layar da mai ita ya ɗinke a ƙota, mai bincike zai iya faɗin inda aka ƙera bindiga, da kimanin zamaninta, da irin hannuwan da ta ratsa. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da majalisar masarauta suna da ikon tattara irin waɗannan, a toshe su yadda ba za su sake tashi ba, a rubuta sunan gidan da kowace ta fito da na maƙerin da ya gyara ta, tun dattawan da suka san su suna da rai.