Daga Askar Wanzami Zuwa Allurar Baya: Tarihin Sa Barci a Ɗakin Tiyata

Duk gidan da aka taɓa jan maigida gefe a asibiti aka ce masa "sai an yi mata aiki", sun san yadda gaba ke faɗuwa. Tambayar da muke yi a lokacin ba ta wuce biyu: nawa ne kuɗin, kuma wane likita ne zai yi fiɗar. Da wuya ka ji an tambayi wanda zai sa mara lafiya barci, alhali shi ne ke zaune daidai kansa yana lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa tun daga allurar farko har ya farka. Wannan sana'a ba ta kai shekara 200 a duniya ba, a ƙasarmu kuwa ta fi haka ƙuruciya nesa ba kusa ba.

Kafin zuwan asibiti, aikin da ya shafi yanka jiki a hannun wanzamai yake. Su ke kaciya, su ke cire beli, su yi ƙaho, su yi tsaga, su yi sakiya idan ƙurji ya nuna. Karaya da targaɗe kuma na maɗora ne. Dukkansu sun san aikinsu, amma babu wanda yake da abin kashe zafi na ƙwarai. Abin da ake da shi dauriya ce da ƙarfin ƙarti biyu ko uku da za su danne mutum, sai kuma saurin hannun wanzami. Shi ya sa ake yabon yaron da bai yi kuka ba ranar kaciya, shi ya sa kuma ba wanda ya taɓa tunanin buɗe cikin mutum. Matar da naƙuda ta yi wa gardama kwana biyu ko uku, sai dai rubutu da jiƙo da addu'a. An san tsirrai masu gusar da hankali irin su zaƙami, sai dai tsakanin abin da zai bugar da mutum da abin da zai kashe shi tazarar kaɗan ce ƙwarai. Likitocin ƙasashen Musulmi na da, irin su Ibn Sina, sun rubuta a kan ofiyom da wani tsiro da suke kira banj, kuma sun yi gargaɗi a kan wannan haɗarin.

A Turai ma haka abin yake. Gwanin likita a wancan zamanin shi ne wanda zai yanke ƙafa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci kafin mai ita ya suma. Ranar 16 ga Oktoba, 1846, a wani asibiti a birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani mutum tururin sinadarin ita, aka cire masa ƙari a wuya a gaban jama'a bai yi ihu ba. Shekara guda bayan haka James Simpson a Edinbara ya fara amfani da kulorofom, har da wajen haihuwa. Wasu sun ɗaga murya cewa zafin naƙuda ba abin da za a taɓa ba ne, amma da Sarauniya Biktoriya ta shaƙe shi wajen haihuwar ɗanta a 1853 sai surutun ya ragu. A 1898 wani likitan Jamus, August Bier, ya gwada zuba magani a cikin ruwan da ke kewaye da lakar gadon baya, rabin jiki na ƙasa ya mutu na ɗan lokaci mutum yana farke. Ku riƙe wannan, domin ita ce allurar bayan da ake yi wa matanmu yau.

Mu nan kudancin Kaduna, asibitin zamani ya biyo hanyoyi biyu ne. Ta farko layin dogo. Da layin da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi ya iso wajen 1927, Kafanchan ta zama mahaɗa, hanya ɗaya ta nufi Kaduna ɗaya ta nufi Jos. Garin ya cika da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga ko'ina, har fadar Sarkin Jama'a ta dawo nan, kuma inda aka tara ma'aikata da injuna dole a sami inda za a kai wanda ya ji rauni. Hanya ta biyu 'yan mishan ne, waɗanda suka buɗe ɗakunan shan magani a wurare irin su Kwoi da Kagoro, daga baya aka sami asibitin St. Louis a Zonkwa. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin nan, sai a ɗora shi a jirgi ko mota zuwa Jos, ko asibitin Vom, ko Kaduna, ko Wusasa ta Zariya.

Yadda ake sa barci a irin waɗannan asibitoci a duk faɗin Afirka a wancan lokaci abin mamaki ne idan ka kwatanta da yau. Ana ɗora wani ɗan kwando na waya a fuskar mara lafiya, a rufe shi da ƙyalle, a riƙa ɗiga ita a kai ɗigo-ɗigo. Mai ɗigawar sau da yawa ba likita ba ne, ma'aikacin jinya ne ko wani mataimaki da likitan ya koya wa da kansa. Yatsansa a kan jijiyar wuya, idonsa a kan ƙirji da launin leɓe, na'urarsa ke nan. Ita tana da kirki ta wani gefe, domin ba ta saurin tsayar da numfashi. Amma tana kama wuta kamar fetur, ga shi ana aikin dare da fitilar kananzir. Kuma tana tafasa a zafin da bai wuce digiri 35 ba, wanda bazararmu kan kai, sai ta riƙa gudu daga ƙyallen kafin ta shiga huhu. Wannan ne ya sa masana a Oksfod suka ƙera wata na'ura a farkon shekarun 1950 da ake kira EMO, wadda ke daidaita yawan tururin ko ana zafi ko ana sanyi, kuma ba ta bukatar lantarki ko tukunyar oksijin. Ta yi wa asibitocin karkara aiki na shekaru da yawa. Tsofaffin da aka yi wa aikin gwaiwa a wancan zamani ba sa manta warin abin da aman da ke biyo baya.

Horar da ƙwararru ya zo a makare. Sashen koyar da sa barci na farko mai zaman kansa a Nijeriya an kafa shi a asibitin koyarwa na Legas a farkon shekarun 1960 da taimakon wata likita 'yar Kanada, Shirley Fleming. A Arewa sai da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya kafu a ƙarshen shekarun 1960. Likitocin da suka ƙware a fannin kaɗan ne, kuma akasarinsu a manyan birane suke tsayawa. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, nas-nas ɗin da suka yi ƙarin karatu a fannin sa barci su ne suka ɗauki nauyin manyan asibitocin jihohinmu tun wancan lokaci har yau, kuma ba a cika ambatonsu ba idan ana yabon likitoci.

Maganin da ya fi kowanne canza aikin asibitin karkara shi ne ketamin. An haɗa shi a Amurka a 1962, aka amince da shi a 1970. Allura ce kawai, ana iya yinta a jijiya ko a tsoka, mutum ya fita hayyacinsa amma yana ci gaba da numfashi da kansa, kuma jininsa ba ya faɗuwa yadda yake faɗuwa da sauran magunguna. Ga wanda aka kawo daga haɗarin mota a hanyar Kagoro ko Kachia jini ya zuba, ko inda wuta ta ɗauke ba oksijin, babu kamarsa. Aibinsa shi ne sambatu da mugayen mafarkai wajen farkawa, abin da ya sa wasu dangi kan ɗauka iska ce ta shigi mutum. A 2015 ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin ƙwayoyin da ake tsananta wa doka saboda masu shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya da likitocin ƙasashe masu tasowa suka ce hakan zai rufe ɗakunan tiyata da yawa, aka jingine maganar. Da ta wuce, da mu ne za mu fara ji a jikinmu.

Allurar baya ma ta sami gida a Arewa. Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya zauna a asibitin Babbar Ruga a Katsina tun shekarun 1980, ya yi wa dubban mata aikin yoyon fitsari da ita. Yau ita aka fi so wajen ciro jariri, domin uwa tana farke, tana numfashi da kanta, tana jin kukan ɗanta. Haɗarinta shi ne jini kan faɗi nan take, don haka ake ɗaura ruwa tukuna kuma ake auna jini a kai a kai. Wasu kan yi ciwon kai na 'yan kwanaki. Maganar da ake yaɗawa cewa tana bar wa mace ciwon baya na har abada, bincike bai tabbatar da ita ba.

Tun tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna cewa matan da ba su yi awo ba, aka kawo su a ƙurarren lokaci, su ne ke mutuwa ninkin-ba-ninkin a kan waɗanda suka yi awo. Bayan shekara 40 wani babban bincike ya sake taɓo wurin. A 2016 likitoci a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, suka rubuta abin da ya sami duk wanda aka yi wa aiki cikin mako guda, mutum 11,422. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2018. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ya sami matsala bayan aiki, 239 suka rasu. Marasa lafiyar sun fi na Turai ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma duk da haka wanda aka tsara wa aiki a nan ya ninka matsakaicin duniya sau biyu wajen yiwuwar mutuwa. A ɓangaren matan da aka yi wa aikin haihuwa, kimanin biyar cikin dubu suka rasu, kusan ninki 50 na ƙasashe masu arziki, kuma zubar jini da matsalar sa barci na cikin manyan dalilai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne lokacin mutuwar. Kashi 94 cikin 100 ba a ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin kwanciya. Wato lokacin da mu dangi muka gama hamdala, aka fara kawo kunu da fura ana barka da arziki, shi ne lokacin da jini ke zuba a ciki ko ƙwayar cuta ke yaɗuwa ba wanda ya lura, domin nas ɗaya ce a kan gadaje da yawa. Masu binciken sun gwada gyara a zagaye na biyu, a asibitoci fiye da 300: a matso da masu haɗari kusa da teburin nas, a yawaita duba su. Sakamakon da ya fito a 2021 bai nuna raguwar mutuwa ba. A ganina darasin a fili yake, takarda da umarni ba sa maye gurbin ma'aikaci da jini da oksijin.

Akwai kuma binciken da ya kawo sauƙi da abu mai araha. Wani da aka yi a ƙasashe bakwai har da Nijeriya, ya fito a 2022, ya nuna cewa canza safar hannu da kayan aiki kafin a ɗinke ciki ya rage ruɓewar ciwo daga kusan 19 zuwa 16 cikin 100. Wani kuma da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, ya fito a 2023, ya nuna cewa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego don a ga ainihin jinin da ya zuba, tare da ba da magungunan a lokaci guda, ya rage mummunan zubar jini da kashi 60 cikin 100.

Babban asibitinmu na Kafanchan, wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa bayan rasuwarsa a Disamban 2012, yanzu an mai da shi cibiyar lafiya ta Gwamnatin Tarayya. Idan shugabannin ƙungiyoyinmu suka je gaisuwa ko neman bayani, bayan maganar gine-gine ya kamata su tambayi likitocin sa barci nawa aka turo, nas-nas nawa ke kwana a ɗakin waɗanda aka yi wa aiki, da ko kowane gado a ɗakin farfaɗowa yana da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa mai auna oksijin. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce a ƙalla a sami biyar ga kowane mutum 100,000, kuma mun yi nisa da wannan.

Namu ɓangaren kuma a gida yake. Idan an ce kada mara lafiya ya ci abinci awa shida kafin aiki, kada tausayi ya sa a ɓoye a ba shi koko, domin abin da ke ciki kan dawo ya shiga huhu idan barci ya ɗauke shi, kuma tun 1946 aka rubuta yadda hakan ke illata masu naƙuda. Idan ya riga ya ci, a faɗi gaskiya. Wanda ke shan tiramol ko kodin ko giya ko wani jiƙo, ya gaya wa mai sa barci a asirce, saboda yana canza yawan maganin da zai ba shi. Idan mace ta kusa haihuwa, a san wanda zai sa hannu idan maigida ba ya gari, a kuma san 'yan uwa biyu da za su ba da jini. A wani asibiti a Mbale ta Yuganda har an gwada koya wa masu jinya auna bugun zuciya da numfashi da oksijin da kansu, kuma an ga yawan dubawar ya ƙaru. Mu da ba a koya mana ba tukuna, mai kwana da mara lafiya a daren farko da na biyu ya lura da numfashi mai sauri, da gumi mai sanyi, da ciki mai kumbura, da barcin da ba a iya tashin mutum daga gare shi, da fitsarin da ya ɗauke. Ko ɗaya ya gani ya tashi nas, ko da ƙarfe uku ne na dare.